Lambu a Cikin Buhu: Gonar 'Yar Haya a Nima

Surukata ta zo mana Akra a ƙarshen 2022 neman maganin ido. Daga ƙauyenmu na kusa da Galmi ta taso, ta sha doguwar tafiya a mota. Da ta huta, wata safiya ta fito tsakar gida da butarta, ta tsaya tana duban gabas da yamma. Gidan haya ne irin na Nima: ɗakuna goma sha ɗaya a zagaye, daɓen siminti tun daga ƙofar gida har bakin makewayi, igiyoyin shanya sun sarƙe sama. Can sai ta juyo gare ni.

"Ke 'yar nan, shekararku nawa a garin nan?"

Na ce, "Sha huɗu, Inna."

"Sha huɗu, ba ku da ko tushen barkono guda?"

Na yi dariya na ce, "Inna, ai mu baƙi ne. Gidan ma ba namu ba ne."

Ta ce, "Baƙon da ya haifi 'ya'ya biyar a masauki? To, Allah ya kyauta."

Ba ta sake tada maganar ba. Ranar da za ta koma, ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini ƙulli huɗu a tsumma: irin yakuwa, da rama, da alayyafo, da kuɓewa. Ta ce wa jikokinta ta kawo, don su san abin da suke ci daga ƙasa yake fitowa, ba daga faranti a kasuwa ba.

Baƙuncin da ya ƙi ƙarewa

Maganar Inna ta daɗe tana cina, don gaskiya ce. Kalmar zango kanta masaukin ayari take nufi, wurin da fatake ke sauke kaya su kwana, gari ya waye su ɗaura su wuce. Amma Sabon Zangon Akra da Malam Bako ya kafa ya haura shekara ɗari. Nima tana nan tun shekarun 1930, lokacin Malam Amadu Futa. An haifi kakanni a nan, an binne su a nan, amma har gobe muna zaune kamar masu jiran mota. Wanda ya samu kuɗi can gida yake gini, can yake dasa mangwaro. Nan kuwa, inda yaransa ke kwana suna tashi, ko inuwar da za a shimfiɗa tabarma babu.

Ba laifinmu ba ne duka. Ɗan haya a Akra ba shi da tabbas. Dokar haya ta Gana ta ce kada a karɓi kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma kowa ya san na shekara biyu ake nema. Wa zai dasa itace a inda bai san ko zai ga 'ya'yansa ba?

Abin da ya sa na kwance ƙullin Inna dai ba tunani mai zurfi ba ne, tukunya ce. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54 cikin ɗari. Maigidana albasa yake sayarwa, kuma tun da aka tashi kasuwarsu daga Agbogbloshi zuwa Ajen Kotoku a watan Yulin 2021, kuɗin mota kaɗai ya ishe shi. Ni kuma atamfa da turare nake sayarwa a gida, cinikin ya ja baya. Ɗaurin ayoyo, wanda mu a gida muke ce wa lalo, kullum sai ƙara sirancewa yake yi a kasuwar Nima. Na ce bari in gwada, in bai yi ba, me na rasa?

Bai yi ba kuwa. Na ɗebo ƙasa a bayan gida na cika tsofaffin bokitai uku, na zuba ɗanyen kashin rago da na roƙa wurin maƙwabci, na watsa iri. Ya tsiro, ya yi rawaya, ya kwanta. Bokiti ɗaya da ya ɗan yi kyau, akuyar lungu ta shigo ta yi masa aski. Matan gida suka sa mini suna. In na fito da safe sai in ji, "Manomiya, yaushe za a kai mu girbi?"

Makarantata a ƙarƙashin wayar lantarki

Maigidana ne ya ce in je Jowulu in ga masu abin. Duk mai bin titin wajen ya san wurin: kunyoyin latas da kabeji da albasa mai lawashi shimfiɗe a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, inda doka ta hana gini. Akwai irinsu a wajen Korle Bu da wasu gefunan rafuka. Yawancin latas da lawashin da ake ci a Akra, har wanda ake ɗora mana a kan wake da shinkafa, daga irin waɗannan lambuna na cikin gari suke fitowa, don ganye ne da ba ya jure doguwar tafiya. Da yawa daga masu noman mutanen arewa ne da na Burkina Faso, Hausa kuma ta wadace ka a wurin.

Wani dattijo na samu yana ban ruwa da garwa biyu, ɗaya a kowane hannu. Na gaishe shi, na kwashe labarin bokitaina na faɗa masa. Ya yi dariya har ya ajiye garwa.

Ya ce, "Kin huda gindin bokitin?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Takin ya kwana nawa?"

"Ranar na ɗebo shi."

Ya ce, "Kin dafa su, kin kuma nutsar da su. Ki gode Allah da suka tsiro ma."

Da na kawo masa kukan rashin fili da zaman haya, sai ya nuna mini wayoyin da ke samanmu. Ya ce su ma filin ba nasu ba ne, ko gobe ana iya cewa su tashi, an kuma sha tashin wasunsu an yi gini. Amma latas wata ɗaya ne bayan dashe, ba ya jiran takardar fili. Ya kuma tuna mini cewa noman bayan ɗaki ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1972 gwamnatin Acheampong ta ƙaddamar da shirin ciyar da kai, har ma'aikatan ofis da makarantu suka riƙa shuka a duk inda suka samu ƙasa. Shi ya ce mini in bar bokiti in koma buhu.

Yadda ake gonar buhu

Ga abin da na koya, wani daga bakinsa, wani daga asarar da na yi da hannuna.

A samu buhun shinkafa ko na masara mai cin kilo 50. A tsayar da shi a kan bulo biyu ko katako, kada ya zauna a kan daɓe. A samu babban gwangwanin tumatir a cire masa sama da ƙasa, a tsayar da shi a tsakiyar buhun, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa a kewayensa. Sai a ja gwangwanin sama, a sake cika shi da tsakuwa, a sake zuba ƙasa, har buhu ya cika. Ka ga an samu ginshiƙin tsakuwa a tsakiya. Nan ake zuba ruwa, ya ratsa har ƙasa, kowane saiwa ya samu rabonsa.

Ƙasar kuwa, awo biyu na ƙasa mai kyau, awo ɗaya na ruɓaɓɓen taki, da ɗan yashi in tana da danƙo. Taki ba ya mana wuya a zango, musamman bayan babbar Sallah. Amma kashin rago ko na kaji sai an tara shi gefe an rufe, ana yayyafa masa ruwa ana juyawa, wata biyu ko uku, har ya daina wari da zafi ya koma baƙi. Garin gawayin da ke taruwa a gindin buhu ma kada a zubar, yana taimaka wa ƙasa ta riƙe laima.

A kula da inda aka ɗebo ƙasa. Kada a ɗauko ta daga bakin kwata, ko garejin kanikawa, ko kusa da inda ake ƙona wayoyi da tsofaffin kayan lantarki kamar yadda aka daɗe ana yi a Agbogbloshi. Irin wannan ƙasa tana ɗauke da dalma, dalma kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yara, wanki kuma ba ya fitar da wadda shuka ta riga ta sha. Haka ma jarkar da ta taɓa ɗaukar baƙin mai ko maganin feshi, a bar ta. Jarkar man girki mai ruwan ɗorawa, wadda ake ce wa galan ɗin Kufuor, ita ce daidai: a wanke, a yanke gefe ɗaya, a huda ƙasanta.

A saman buhu nake shuka masu tsayi, kuɓewa ko yakuwa ko attarugu. A jikinsa kuma in tsaga ƙananan ƙofofi, tazarar taki ɗaya na hannu, in cusa dashen alayyafo. Buhu ɗaya ya zama bene mai hawa uku. Renon dashen a ledojin fiya-wata nake yi, waɗanda yara ke tsinto mini: a yanke baki, a huda gindi, a cika da ƙasa.

Alayyafo mako uku zuwa huɗu ka fara yanka, in ka bar gindin ya sake tohowa. Ayoyo yana da taurin kai wajen tsirowa, sai an ƙulle irin a tsumma an tsoma a ruwan zafi kamar ƙirga goma, a shanya, sannan a shuka. Kuɓewa wata biyu ta fara 'ya'ya. Barkono da tumatir suna son rana kamar awa shida, ganyaye kuwa rabin wuni ma ya ishe su. Na'a-na'ar shayi a ba ta jarkarta ita kaɗai, don ba ta iya zama da kowa ba. In ƙwari sun manne a bayan ganye, a daka ganyen dogon yaro a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa da yamma.

Saura ruwa, wanda a Nima saye ake yi in famfo ya ɗauke. Na ajiye roba a inda muke alwala, abin da ya taru na lambu ne. Ruwan wankin shinkafa da na ganye ma haka. Ruwan wanki mai bilic ko omo kuwa ba ya zuwa kusa da buhuna. In damina ta zo, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma 'yar ƙaramar ta wajen Oktoba, sai in tara durom a bakin indararo. Lissafin mai sauƙi ne: rufin ɗaki mai mita huɗu tsawo, huɗu faɗi, in aka yi ruwa na milimita 20, lita 320 ke zubowa daga kansa. Ya fi durom ɗaya da rabi, kuma da can duk kwata yake tafiya.

Masu soro kuma a yi hattara. Buhun ƙasa in ya sha ruwa nauyinsa ya kai na babban mutum. A jera su ta gefen bango da kan ginshiƙai, kada a tara su a tsakiya, kuma a tambayi magini tukuna.

Ni da Hajiya mai gida

Da buhuna suka kai shida, Hajiya mai gidanmu ta aiko a kira ni. Ta ce ita gidan mutane ta gina, ba fadama ba. Za a jawo mata sauro, bango zai sha laima ya ruɓe, gobe kuma wani ya ce zai kawo saniya.

Raina ya ɓaci, amma da na kwana na ga tana da hujja. Buhu biyu sun jingina da bango, fenti har ya fara kumbura. Duromin ruwana a buɗe yake, da na leƙa na ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki. Shuka ba ta haifar da sauro, ruwan da ya kwanta ne ke haifar da shi, kuma laifin nawa ne. Na janye buhunan daga bango, na ɗaure bakin durom da tsohon gidan sauro, na kewaye lambun da ragowarsa saboda kaji da awaki. Sannan na yanki alayyafo da yakuwa cike da faranti na kai mata da kaina, na durƙusa na ce, "Hajiya, ga zakkar gona."

Ta duba ta ce, "Wannan a gidana ya fito?"

Bayan wata biyu ita da kanta ta nuna mini wani lungu kusa da ƙofa inda daɓe ya tsage, ta ce in fasa in sa mata zogale, tana marmarin kwaɗo. Ranar da aka ɗaga simintin nan na ga ƙasar gidan da na shekara goma sha huɗu a cikinsa, karo na farko. Ja ce.

Abin da siminti ke mana

Tun daga nan na fara kallon gari da wani ido. Ku gwada wannan: ku tashi daga kasuwar Nima da azahar, ku je wajen Asibitin Sojoji na 37, inda manyan itatuwan nan suke da jemagu ke rataye a kansu. Tafiyar ba ta da nisa, rana ɗaya ce a sama, amma jikinka zai faɗa maka ka canza gari. Kwano da siminti suna shan zafi wuni guda, da dare su amayar mana da shi cikin ɗaki. Ganye kuwa yana tare rana, yana kuma fitar da laima da ke sanyaya iska. Unguwannin masu hali irin su Kantonment ba na'urar sanyaya ɗaki kaɗai suka fi mu ba, sun fi mu itace.

Ɗakinmu yana kallon yamma, bangon kan yi zafi har bayan isha'i. Na ɗaura igiyoyi daga ƙasa zuwa bakin rufi, tazarar kamu ɗaya daga bango, na shuka soso a jarka biyu ya hau. Cikin wata biyu ya zama labulen ganye. Yara suka daina fitowa tsakar gida da tabarma tsakar dare, ga soson wanka kyauta.

Sai maganar ruwa. Duk wanda yake Akra ranar 3 ga Yunin 2015 ba zai manta ba: ambaliya, da gobarar gidan mai a Sakul, mutum fiye da 150 suka rasu a dare ɗaya. Allah ya jiƙansu. Ruwan da ya sauka a kan rufinmu da daɓenmu ba shi da inda zai nutse, sai ya kwashi leda da shara ya faɗa babbar kwatar Nima, ya gangara Odaw, ya iske na sauran unguwanni. A ƙasarmu ta Tawa manoma kan haƙa ƙananan ramuka a faƙo, tassa, su zuba taki don kada ɗigo ɗaya ya gudu. Mu 'ya'yansu a birni mun shafe ko'ina da siminti muna kora shi. Ban ce buhuna za su tsare ambaliya ba, wannan aikin hukuma ne da manyan magudanai. Amma mai gini in ya bar ko zira'i biyu na ƙasa a gefen tsakar gida, ko ya shimfiɗa tsakuwa maimakon daɓe, ya sa durom a bakin indararo, ya rage wa na ƙasa da shi kaya.

Dashe ma ba ya gagara. Ranar 11 ga Yunin 2021 Gana ta fara ranar dashen itatuwa ta ƙasa da burin dasa miliyan biyar, hukumar gandun daji ta raba dashe kyauta. Dasawa ba ta da wuya, reno ne aiki. Ƙofar masallaci ta fi ko'ina dacewa: ga ruwan alwala sau biyar a rana, ga dattawa masu zama da za su kori akuya.

Ranar da gona ta hau mota

A ƙarshen Yulin 2023 aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, motocin albasa suka maƙale a hanya kaya na ruɓewa. Maigidana ya yi makonni yana fita yana dawowa hannu sake. Ba zan ce lambu ya ciyar da mu ba, buhu goma sha huɗu ba sa haifar da masara. Amma a makonnin nan ban sayi ganyen miya ba ko sau ɗaya. In an samu garin tuwo, to an gama. Wanda bai taɓa juya kuɗin cefane a tafin hannu yana lissafi ba, ba zai san girman wannan ba.

Shekarar da ta biyo Hajiya ta rasu, magada suka sa sabon farashi, suka nemi na shekara biyu a dunƙule. Ba mu da shi. Muka samu ɗaki biyu a wajen Amasaman, kusa da kasuwar maigida. Abin da na ji tsoro tun farko ya faru ke nan: an ce mu tashi.

Sai dai gonar ta tashi tare da mu. Mai aboboya ya yi sawu biyu. Buhu ɗaya ya fashe a hanya, sauran suka isa lafiya, kuɓewa na rangaji a bayan mota mutane na nuna mu. Washegari da safe, kafin in gano inda na sa tukwane, na tsinki yakuwa na yi miya.

Zogalen ne kaɗai na bari, don shi a ƙasa yake. Kwanakin baya na je suna a tsohon gidanmu, na tarar ya wuce rufi. Maƙwabciyar da ta fi kowa kirana Manomiya ta jera jarka biyar a ƙofar ɗakinta, ta ja ni gefe tana tambaya me ya sa barkononta ke zubar da fure. Na ce mata ta rage taki, ta matsar da shi inda rana ta fi.

'Yan'uwa na Kumasi, da Lome, da Kwatano, da Yawunde, da duk inda neman abinci ya kai mu: kada a jira sai an mallaki fili. A fara da buhu ɗaya da alayyafo, a nemi izinin mai gida tukuna, a ba yaro ɗaya aikin ban ruwa. In an tashe ku, ku ɗauki abinku. In kuma an yarda muku ku dasa itace, ku dasa, ko da wani ne zai sha inuwar. Mu ma inuwar wasu muka tarar.

Bana na bar yakuwa biyu suka yi 'ya'ya suka bushe. Na ɓare, na ƙulla a tsumma, na ba direban motar albasa ya kai wa Inna. Autana, wanda aka haifa a Nima, shi ya ƙulla bakin tsumman, don ya ce shi ya yi ban ruwan.